Kwamfutar da Ba Ta Iya Faɗuwa a Dara Ba

Duk sa'ad da na gaya wa samarin yanzu cewa sana'ata ita ce koya wa kwamfuta dara, sai su yi mini irin kallon da ake yi wa wanda ya ce aikinsa ƙirga gashin tunkiya. Masu ladabi a cikinsu su ce, "Allah sarki, Baba." Marasa ladabi su ce ai wannan aikin wuni guda ne: gidaje talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, a jera uku a ci. Ni ma haka na ɗauka, har na fi ku ɗauka, domin na shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a sakandare a Zariya, kuma babu mai saurin raina abu irin malamin lissafi idan ya ga abin yana da layi da adadi. To, ku gyara zama.

Kwantiragin shekara biyu ya kawo ni Jidda. Wani ɗan ƙaramin kamfani ne a Madain Fahd, a saman shagon kayan gini, muna yin wasannin waya, galibi karta irin wadda Larabawa ke so. Aikina shi ne rubuta abokin karawa, wato wancan ɓoyayyen da ke wasa da kai idan ba ka sami mutum ba. Mai kamfanin, wanda muke kira mudir kuma shi ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, sunansa Abu Rayan. Mutum ne mai fara'a da gajen haƙuri, irin wanda zai tambaye ka lafiyar iyali yana duban agogo.

Wata safiya ya shigo ya tsaya a kaina. Ya ce jiya ya bi ta unguwar Karantina, ya ga tsofaffi sun yi da'ira a kan wani katako suna ihu.

"Ustaz, mutanenka me suke yi da ƙwallon dabino?"

Na ce dara ce. Ya ce suna da yawa, masu yin ta? Na ce daga Sakkwato har Damagaram har Chadi. Idonsa ya yi haske.

"Yalla, ka sa mana ita a manhaja. Amma ka ji: karta ta zauna da ƙafarta, ba na bukatar mutum guda a kanta kuma. Idan mutanenka suka karɓi dara, dara ta zauna, kai ma ka zauna, in sabunta maka iƙama, takardar zamanka a ƙasar nan. Idan ba su karɓa ba, halas, shi ke nan."

Kun ji abin da ke kan faifai tun daga ranar farko. Ni kuwa murna nake, don ban ga abin tsoro a gidaje talatin ba.

Bari in faɗa wa waɗanda suka tashi a birni yadda take. Layi biyar ne, kowanne da gida shida. Ana farawa da zubi: ka ajiye ɗa guda, ya ajiye guda, har kowa ya zube goma sha biyunsa, kuma a lokacin zubi ba a yarda ka jera uku ba. Sai a shiga tafiya: ɗa yana matsawa gida guda, gaba ko baya ko gefe, ba ya tsallake, ba ya bin karkace. Ka jera uku, ka ci ɗa guda na abokinka. Ka jera huɗu, ka yi aikin banza. Wanda aka bar shi da biyu ya faɗi. Ni kaina a takarda na koyi wannan, don mahaifinmu ya ɗauki dara aikin marasa aikin yi ce, bai bar mu mun tsuguna a gindinta ba ko sau ɗaya.

Abokin karawa na farko kwana tara ya ɗauke ni. Dabarar ba sihiri ba ce. Kwamfuta tana cewa ne: idan na matsa nan, shi zai iya matsawa can ko can ko can, idan ya matsa can, ni kuma ga abin da zan iya. Haka take bin rassa kamar mai hawan kuka, ta leƙa ƙarshen kowane reshe, ta dawo ta zaɓi wanda ya fi 'ya'ya. Gwanin mutum yana hango motsi huɗu ko biyar. Tawa tana hango goma sha biyu kafin ka sauke kofin shayi. Ranar da ta fara aiki na yi ta zagaya ofis ina tafa wa kaina, har mai shagon ƙasa ya aiko a tambaya ko lafiya.

Na sa ta a waya na nufi Karantina bayan la'asar. Majalisar tana ƙofar shagon wani tela, Baba Isufu, mutumin Damagaram da ya zo aikin hajji yana saurayi bai koma ba. Shi ne sarkin wurin ba tare da rawani ba. Tun da ƙasar siminti ce ba a iya haƙa gidaje, sai suka zana su da fenti a kan wani tsohon murfin akwati. Ɓangare guda ƙwallon dabino, ɗayan marafan kwalba. Na yi sallama, na gabatar da kaina, na ce dā malamin makaranta ne.

"To, sannu da zuwa, Mushe," in ji shi.

Na duba bayana in ga ko wata dabba ce ta mutu a kwata. Ashe a Nijar haka ake kiran malamin boko. Da na bayyana musu abin da kalmar ke nufi a Zariya, majalisa ta kwashe da dariya har wani ya sarƙe da shayi, kuma daga ranar babu wanda ya sake tambayar sunana na yanka.

Baba Isufu ya karɓi wayar da yatsa biyu kamar an miƙa masa kifi. Na nuna masa inda zai taɓa. Kwamfuta ta cinye shi. Ya gyara hula, aka sake, ta cinye shi. Na uku ko gumi ba ta yi ba. Ni ina tsaye sai washe baki nake, ina jiran yabo. Ya miƙo mini wayar.

"Madalla, Mushe. Ta iya. Sai ta nemi 'yar'uwarta su yi ta yi."

Suka juya ga katakonsu. Babu wanda ya ƙara waiwayar wayar. Wannan ne darasin farko, kuma ba ya cikin kowane littafin lissafi da na karanta: mutum ba ya kokawa da bango. Zai gwada sau biyu ko uku don ya tabbatar bango ne, sannan ya tafi harkarsa.

Na ce abu mai sauƙi, a rage mata ƙarfi. Na koma na umarce ta: duk bayan motsi biyar, ki rufe ido ki matsa duk ɗan da hannunki ya faɗa a kai. Na dawo da ita mako na gaba ina taƙama. Baba ya zauna, ya yi wasa, ya ci. Na ɗauka zai yi murna. Sai na ga ya ajiye wayar a kan keken ɗinki a hankali, irin ajiyar da ta fi jifa zafi.

"Mushe, wa ya ce da ita ni mabaraci ne?"

"Baba, ai ka ci."

"Ban ci ba, ba ni aka yi. Ta ga uku a gabanta, ƙuru-ƙuru, ta kau da kai ta tafi yawo a kusurwa. Wannan ba faɗuwa ba ce, sadaka ce. Rannan ta doke ni, na haƙura, don duka ba zagi ba ne. Yau kuwa raina ni ta yi."

Na ce to yaya mutum yake faɗuwa, in ba da kuskure ba?

"Mahaukaci ne yake kuskure ko'ina. Mai hankali wuri guda yake kuskure, kuma kullum a wurin. Sa salular nan a aljihu ka zauna. Ba za ka koya mata abin da kai ba ka sani ba."

Haka na shiga koyon sana'a ina da furfura. Kullum na tashi daga aiki sai in hau mota zuwa Karantina, in karɓi marafan kwalba, don ƙwallon dabino na manya ne. Kayan aikina a wancan lokaci ba su wuce uku ba: fensir, abin gogewa, da littafin lissafi mai gida-gida irin wanda nake duba wa ɗalibai a dā. Na raɗa wa layukan tsaye haruffa, na kwance lambobi, duk motsin da aka yi in rubuta, nawa da nasa. Baba yakan ce wa jama'a, "Ku yi shiru, Mushe na rubuta wa kansa ta'aziyya." Bai yi ƙarya ba. Wata goma sha huɗu ina zama a gabansa, sau biyu na ci shi, kuma ɗaya daga ciki wani abokin ciniki ne ya zo karɓar jallabiya ya raba masa hankali.

Kada ku ɗauka a wannan tsakani ina zaune ne kawai ana cina. Abin da ya riƙe dara a manhaja, ya hana mudir goge ta tun da wuri, shi ne ƙulli. Ƙulli shi ne a shimfiɗa maka wasa da ya yi nisa, a ce: kai ne da motsi, ka ci cikin uku. Kowace safiya muna fitar da sabo guda. A nan ne daɗin sana'ar yake, wallahi. Kwamfuta tana iya zubo maka ƙulli dubu kafin azahar, amma yawancinsu tuwo ne ba miya. Dole ya zama amsarsa guda ce tak, wannan ita kwamfuta ke tabbatarwa. Sauran kuwa aikin ido ne: ƙulli mai kyau shi ne wanda motsin da ya fi kama da wauta shi ne daidai. Ka janye ɗanka daga inda kowa ke ganin ci, ka mayar da shi baya kamar ka tsorata, sai bayan motsi biyu ƙofa ta buɗe. Nakan zauna da ɗari in zubar da casa'in da tara. Idan na sami gudan nan, sai in kai majalisa in jera shi a kan katako ban ce komai ba. Idan suka warware shi kafin shayi ya huce, ya yi arha. Idan suka watse ba su warware ba, ya yi tsada. Wanda nake nema shi ne wanda za a yi ta gardama, wani ya rantse babu amsa, sannan can wani ya daka tsalle ya ce, "Kai! Ashe baya za a yi!"

Akwai wani ƙulli da na fi alfahari da shi, na ci cikin huɗu, wanda ya ɗauke ni mako biyu. Ranar da ya fita, kafin in gama karin kumallo saƙon murya ya shigo ta lambar kamfani. Wata Hajiya ce mai sayar da turare a unguwar Waziriyya, asalinta Bakanuwa.

"Salamu alaikum. Wai wane ne mai haɗa abin nan? Ɗan nan, ƙullinka na yau motsi biyu ne, ba huɗu ba. Na jera uku, na zo cin na tsakiyar layinsa, abin ya ƙi taɓuwa. Ko wayata ce ta lalace, ko kuwa kanku ne?"

Na kira ta na yi bayani da muryar aji, cewa ba a cin ɗan da ke cikin jerin uku.

"In ji wa?"

"Haka dokar take, Hajiya."

"Dokar gidan wa? Ni a bayan mahaifina na tashi ina kallon dara ta tagar zaure, shekara da shekaru. Ɗan da ke cikin jeri shi ake fara ci, don a rushe masa gida. Wa ya koya maka?"

Na ce wani dattijo ne mutumin Damagaram.

"Ai shi ya sa," in ji ta, ta kashe waya.

Ashe abin da na ɗauka dokar dara ce, dokar majalisar Baba Isufu ce. Na kai maganar wurinsu, aka kusa raba zumunci. Kowa ya rantse ta garinsu ce ta asali, sauran duk bidi'a. Sai da na bi ƙulli sama da ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya, na raba su gida biyu, na kuma sa manhaja ta riƙa tambaya tun a bakin ƙofa: ana cin na cikin jeri, ko ba a ci? Ban sa sunan gari ba, don ina son in kai tsufa. Hajiya kuwa ta zama mai duba mini aiki ba da albashi ba. Duk ƙullin da bai gamshe ta ba, zan ji kafin ƙarfe tara.

Sai shekarar rusau ta zo. Aka shafa wa gidajen Karantina jan fenti, aka ba da wa'adi, motoci suka shigo. Na je wata la'asar na tarar babu shagon, babu layin, ban ma iya gane inda muke zama ba. Majalisa ta watse kamar an jefa dutse cikin tattabaru: wasu Waziriyya, wasu Makka, wasu gida gaba ɗaya. Lambar Baba ta daina shiga. A lokacin saura wata uku kwantiragina ya ƙare.

Mudir ya kira ni ya juyo mini da allon kwamfutarsa. Ya ce ƙulli yana da kyau, amma mutum yana shigowa ya warware ya fita kafin ruwa ya tafasa. Abin da ke zaunar da mutane shi ne abokin karawa, ni kuwa har yanzu biyu nake da su: bango da mahaukaci.

"Wata uku, ustaz. Ina son ka, wallahi, amma so ba ya sabunta iƙama."

Shirina dā shi ne in tattara wasannin mutane da yawa, gwanaye da 'yan koyo, in ga inda ɗan Adam ke tuntuɓe, in koya wa kwamfuta. To, mutanen sun tafi. Abin da ya rage mini a duniya shi ne littattafai bakwai masu gida-gida, cike da faɗuwar mutum guda.

Wata Juma'a da hantsi, don rashin abin yi, na fara shigar da su. Kwana goma ina bugawa. Da na gama, na sa bangon nan, wato kwamfuta mai ƙarfi, ta bi kowane wasa ta nuna mini motsin da wasan ya mutu a kansa. Na zaci zan ga kurakurai a warwatse kamar gero a tsakar gida. Da sakamako ya fito sai na miƙe tsaye. Ba su warwatse ba ko kaɗan. Kusan duk faɗuwata ƙofa uku take bi. Ta farko, ban taɓa ganin ci na bari ba, ko da rami ne a bayansa. Ta biyu, idan aka ci ni, sai na rama nan take, kuma ɗan da ya ci ni shi nake ɗaukewa, ba wanda zai kashe ni ba. Ta uku, a zubi kullum daga kusurwar hagu ta sama nake farawa, kamar mai rubuta kwanan wata a allo, sai 'ya'yana su cunkushe a can su bar wa abokina fili.

Kwaɗayi, ramuwar gayya, da halin malanta. Wani zai ji kunya. Ni rawa na taka, a tsakiyar ɗaki, da zanen wanka. Ga abin da na shekara ina nema, ashe yana cikin jakata.

Daga nan aiki ya zama wasa. Na ɗauki kwamfutar mai ƙarfi na bar mata idonta, tana hangen nesa yadda ta saba, tana toshe hanya, tana kai hari. Amma da ta ji ƙamshin ci, sai na sa ta daina lissafi bayan motsi biyu. Idan aka ci ta, na ƙara wa ɗan da ya ci ta daraja a idonta har ya fi ƙarfin hankalinta. Na ba ta son kusurwar hagu. Har jinkiri na koya mata: kafin ta faɗa tarko takan ɗan tsaya, kamar zuciyarta na gaya mata gaskiya, sannan ta faɗa. Na gwada da kaina, muka yi ta kunnen doki, wanda ya tabbatar mini na yi daidai.

Saura alƙali. Na kira Hajiya na tambaye ta ko ta ji labarin wani tsohon tela daga Karantina.

"Mai faɗan nan da ya ɓata maka doka? Yana nan Waziriyya wurin 'yarsa, bayan gidan burodi. Ya tara wasu tsofaffin, kullum suna hana mu jin kiran ciniki."

Mudir ya ce zai bi ni, don yana son ya gani da idonsa kafin ya yanke. Saura kwana goma sha biyu. Muka isa bayan la'asar, shi da farar jallabiyarsa da ta sha guga, yana tsallake ruwan wanke-wanke. Mutum bakwai ne a ƙofar gidan, uku na sani, huɗu sababbi. Murfin akwatin nan ya tsira, ashe shi Baba ya fara ɗauka kafin keken ɗinki.

"A'a! Mushe bai mutu ba!" in ji shi. Muka gaisa, aka ba mudir kujerar roba. Na miƙa wayar. Ban gaya masa komai game da littattafan ba.

"Wacce ce yau? Mai duka ko mai sadaka?"

"Sabuwa ce, Baba."

Aka fara zubi. Kwamfuta ta ajiye na farko a kusurwar hagu ta sama. Baba ya ajiye nasa. Aka shiga tafiya, ta matsa masa sosai, ta toshe shi sau biyu, ta ci ɗa guda ci na halak. Majalisa ta matso. Wani ya ce, "Isufu, yau ka gamu da gamonka." Baba ya ce, "Rufe mana baki." Na ga ya daina jingina da bango. Mudir ya raɗa mini, me ke faruwa? Na ce ana yaƙi.

Sai Baba ya tura wani ɗa gefe, ya bar mata hanyar jera uku a buɗe, kamar ya manta. Duk wanda ya san dara a wurin ya ɗauke numfashi, don a bayan wannan cin akwai abin da suke kira doki: jeri biyu da ɗa guda ke zirga-zirga a tsakaninsu, ya je ya ci, ya dawo ya ci, ba mai tsayar da shi. Idan ta kau da kai ta tafi yawo, ya ce raini. Idan ta hango ta toshe, bango ce. Wayar ta yi shiru. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Sai ta ci.

Ihun da aka yi, har mai burodi ya leƙo. Baba ya hau dokinsa, ya ci, ta rama a banza, ya sake ci, ya sake, har ta koma biyu. Bai miƙo mini wayar ba.

"Sake zubawa."

Na nuna masa inda ake taɓawa. Ta ajiye na farko a kusurwar hagu ta sama. Wannan karon ta ja shi da nisa, har ta rage masa 'ya'ya zuwa biyar, gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Ya ɗana wani tarkon daban, ta tsallake. Ya ɗana na biyu, ya sa mata nama mai maiƙo, ta tsaya, ta tsaya, ta faɗa. Ya ci ta, ta rama a inda bai kamata ba. Sai ya ɗago kai a hankali. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya sake duban wayar.

"Mushe."

"Na'am, Baba."

"Kai ne a cikin nan."

Na shafa gemu.

"Jama'a, wallahi shi ne! Ku dubi yadda ya cusa kansa a kusurwa! Ku dubi ramuwar nan ta rashin hankali! Har ɗan tsayawar nan da yake yi yana shafa gemu kafin ya halaka kansa! Yaya aka yi ka shiga?"

Waɗanda suka san ni suka faɗi ƙasa don dariya. Waɗanda ba su san ni ba suka ce a ba su su ɗana. Wani ya fizgi wayar, Baba ya fizge abarsa ya ce bai gama ba, a bi layi. Biyu suka zaro nasu wayoyin suka ce in sa musu yanzu-yanzu. Wani ya leƙa cikin gida yana kiran a kawo caja. Aka manta da katakon, aka manta da shayi, aka manta da baƙo mai farar jallabiya.

Mudir ya duba agogo, abin da ya saba, amma wannan karon ya daɗe yana dubawa. Minti arba'in, kuma babu wanda ya tashi. Ya ce, "Ustaz, gobe ka kawo fasfo ofis a sabunta iƙama." Sannan ya nuna Baba da haɓa. "Shehin nan me yake ta faɗa yana nuna ka?"

Baba ya ji ana maganarsa. Larabcinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma ya zaɓi ya yi da Hausa, idonsa a kan waya, yatsansa na neman gida.

"Gaya wa Balaraben nan kada ya kuskura ya sake ka. Shekara sittin ina dara, ban taɓa ganin mai faɗuwa da tsari irinka ba."

Na fassara masa rabin farko.